Agogon Gudu da Taswirar Sawu

A rangadin da muka yi kwanan baya a ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, wani malamin makaranta ya nuna mana agogon da ya ke ɗaurawa in zai fita gudu da asuba. Agogon nan yana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, yana rubuta inda mutum ya ke, daƙiƙa bayan daƙiƙa. In malamin ya komo sai ya juye lissafin cikin kwamfuta, ya rubuta mata waɗansu umarni da harshen Python, ita kuwa ta haɗa ɗigo da ɗigo, ta zana hanyar bisa taswira, ta faɗi mil nawa ya ci, da inda ƙarfinsa ya ragu.

Abin ya burge mu ƙwarai, amma ba don gudun ba. Shekara da shekaru akawu na rubuta cewa makaranta kusa ta ke, uban yaro na cewa da nisa, kowa da kirdadonsa. To, da malami zai ɗaura agogon nan ya bi yaran ƙauye zuwa aji, sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina sa'ad da rafi ya kawo ruwa aka koma zagaye, ai gardama ta ƙare. Da wannan za a san inda ya kamata a ƙara aji.

Sai dai akwai abin tsoro. Cikin Nuwamba 2017 kamfanin Strava ya baza taswirar sawun masu gudu na duniya a intanet. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura tana nuna sansanonin soja a Siriya da Afganistan, domin sojoji ma suna gudu da agogo. In asirin soja ya tonu haka, ina ga na malamin ƙauye? Ba mu manta 'yan matan Jangebe da aka kwashe a Fabrairun 2021 ba, ga ta nan maƙwabciyar Anka. Taswirar da ke nuna hanyar yara da sa'ar da su ke binta, ɗan fashin daji ba ya neman abin da ya fi ta.

Saboda haka shawararmu ga malamai da akawuna ita ce a auna, a zana, amma taswirar ta tsaya a ofis, kada ta hau intanet. Wanda zai fita gudu kuma kada ya kunna agogo a ƙofar gidansa. Shi malamin namu, da muka duba, ashe tasa a buɗe ta ke ga kowa. A gabanmu ya rufe ta.