Shirin Jarrabawar Malaman Asibiti Ba Hadda Kaɗai Ba Ne

Ina so in yi magana da 'yan'uwana malamai da ɗalibai a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini rai. Watakila wani ya ce, me ya haɗa kifi da kaska, mu da ke koyon aikin malanta ina ruwanmu da jarrabawar ma'aikatan asibiti? To, mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni sannu, zai ga inda igiyar ta ɗaure mu.

A hutun da ya wuce ɗan wana ya sauka gidana a nan Kontagora. Yana shekararsa ta ƙarshe a wata makarantar koyon aikin lafiya, ba a Jiharmu ba, kuma ba sai na kama sunanta ba. Ya zo ne don ya sami wuri mai shiru ya yi shirin babbar jarrabawarsa. Ya zo da buhu guda cike da takardu, galibinsu tambayoyin shekarun baya ne da amsoshinsu, an yi ta buga hotonsu har wasu baƙaƙen sun shafe. Tun asuba yaron nan yana zaune a zaure yana bitar su da ƙarfi kamar mai tilawa. Na ji daɗin himmarsa ƙwarai, har na yi ta yabonsa a gaban 'ya'yana.

Ran nan da dare sai 'yar maƙwabcinmu, jaririya 'yar wata takwas, ta kama tari da zazzaɓi. Uwar ta ji an ce akwai malamin asibiti a gidana, ta rungumo ta ta kawo. Na ce, “To, ɗana, ga ranarka ta zo.” Ya miƙe tsaye ya karanto mana ƙa'ida ba ko tuntuɓe: yaron da bai kai wata 2 ba, in numfashinsa ya kai 60 a minti guda ya yi sauri, daga wata 2 zuwa shekara guda, 50, daga shekara guda zuwa 5, 40. Na ce, “Madalla. To, wannan nawa take yi?” Nan fa ido ya raina fata. Yarinya tana kuka tana miƙa, shi kuwa ya rasa inda zai sa ido, ya ƙidaya sau uku, kowane da adadinsa dabam. Ya dube ni ya ce, “Baba, wallahi a takarda na san shi.” Bai san cewa sai an bar uwa ta lallashi yaro ya yi shiru, a ɗaga riga, a cika minti guda cur ana duban ƙirji ba. A daren muka sa yarinyar a mota muka kai ta babban asibiti, Allah Ya sa ta sami sauƙi. Amma ni ban yi barcin kirki ba, gama na tuna bayan 'yan watanni yaron nan za a tura shi wani ƙauye inda babu mota a ƙofar gida, babu kuma wani babba da zai waiwaya ya tambaya.

Bari in ɗan bayyana wa wanda bai sani ba ko su wane ne waɗannan ma'aikata. Iyayenmu sun san su da sunan malamin asibiti ko malamin disfensare tun zamanin En'e, sa'ad da kowane babban gari na hakimi ake ƙoƙarin ajiye masa ɗakin magani. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata, a cikin Tarayyar Sobiyet ta wancan zamani, suka yi shawara cewa lafiyar talaka daga matakin farko take somawa, watau daga ɗan asibitin da ke kusa da gidansa. A ƙasarmu wanda ya ɗauki wannan magana da gaske shi ne marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1992 aka kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista, da Doka ta 61, ita ce kuwa ke shirya musu jarrabawar ƙarshe, ta ba su lasin aiki. Ƙaramin ma'aikaci yakan yi shekara 2 yana koyo, babban kuma, wanda ake kira CHEW, shekara 3. A nan Jihar Neja muna da makarantunsu a Minna da Tungan Magajiya ta ƙasar Rijau. Tun 2014 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙara musu kaya, ta yarda a horar da su su ɗauki wasu ayyukan da dā na nas-nas ne da ungozomomin asibiti, saboda ƙarancin ma'aikata.

Jama'a, duk wanda ya yi koyarwar gwaji a ƙauyukan Mariga, ko Mashegu, ko Magama, ya san likita sai a gari. Mutumin da mace mai naƙuda za ta fara gani, da wanda za a kai wa yaro mai gudawa tsakar dare da damina, rafi ya cika hanya ta yanke, shi ne wannan da ya ci jarrabawar da muke magana. Mu malamai in muka yi kuskure a allo, gobe ma rana ce, sai mu goge mu gyara. Shi kuwa nasa kuskuren a maƙabarta ake binne shi.

Don haka ni a ganina hanyar da yaranmu da yawa ke bi wajen shirin wannan jarrabawa ba ta dace ba. Ba na cewa a ƙone tsofaffin tambayoyi. Suna da amfaninsu, suna nuna wa ɗalibi yadda masu jarrabawa ke juya magana, suna kuma koya masa tattalin lokaci. Na kuma san abin da yaran za su ce, har ɗan wana ya faɗa mini: iyaye sun sayar da hatsi da dabba sun biya kuɗin makaranta, wanda ya faɗi sai ya sake jira ya sake biya, saboda haka gara mutum ya bi gajeriyar hanya. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma gajeriyar hanyar nan tana da ramuka guda biyu.

Na farko, ilmin magani ba ya tsayawa wuri ɗaya. A cikin takardun yaron nan na ga wata amsa da ta ce kulorokwin shi ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. Alhali tun 2005 Nijeriya ta bar shi ta koma ga haɗin magungunan da ake kira ACT, domin ƙwayar cutar ta daina jin tsoronsa. Yanzu ma ƙa'ida ita ce a fara ɗiban ɗigon jini a gwada kafin a ba da magani. Takardar nan ta wuce hannu ya fi goma, kowa ya kwafa ya miƙa wa na baya, ba wanda ya tsaya ya duba. Alhali kuwa suna da littafinsu na ƙa'idojin aiki mai suna Standing Orders, wanda ya jera kowace cuta, da abin da za a tambaya, da abin da za a duba, da abin da za a yi, da inda ma'aikaci zai tsaya ya tura mara lafiya gaba. Akan sabunta shi lokaci lokaci. Wanda ya riƙe sabon bugu ya bi shi shafi shafi, ya fi mai buhu goma na tsofaffin amsoshi. Na tambayi ɗana ina nasa, ya ce yana ƙasan akwati don kada ya yage!

Rami na biyu shi ne wanda muka faɗa a daren nan. Jarrabawar ba rubutu kaɗai ba ce, akwai ta aiki da hannu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a miƙa maka awon hawan jini a ce ga hannu, auna. Za a ba ka ɗan tsiri mai launi uku a ce auna damtsen yaro, kai kuwa ka san in bai kai santimita 11 da rabi ba ya shiga ja, tamowa ta yi tsanani. Amma ka san tsakiyar damtse, ka kuma san iyakar yadda za ka ja tsirin? Ka san allurar rigakafi a ɗakin magani ana ajiye ta tsakanin awo 2 da 8 na sanyi. To, ka taɓa buɗe akwatin sanyi ka jera ƙanƙara da kanka? Waɗannan abubuwa hannu ke koyonsu, kamar yadda ba a koyon hawan keke da karatu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne labarin da nake ji, cewa wasu ɗalibai kan kai littafin shaidar aikinsu a sa musu hannu a kan haihuwar da ba su tsaya a kanta ba da allurar da ba su yi ba. Wanda ya sa hannun yana ganin taimako ya yi. Bai sani ba ko 'yarsa ce za ta faɗa hannun wannan ɗalibi wata rana.

To, yanzu ga inda laifin ya zagayo kanmu. Da na zauna da yaron nan washegari, sai na ba shi wani ɗan lissafi. Na ce yaro ne mai nauyin kilo 8, za a ba shi farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, ruwan maganin kuwa kowace mililita 5 tana ɗauke da miligiram 120, nawa za ka zuba? Amsa ita ce 8 sau 15, watau 120, saboda haka mililita 5. Ya same ta, amma sai da ya yi gumi. Da na sāke nauyin yaron sai ya rikice. Jama'a, wannan ai lissafin firamare ne. Ba makarantar lafiya ce ta kāsa ba, wani malami ne irinmu ya koya masa ninkawa da rabawa da waƙa, bai taɓa sa shi ya auna ruwa da cokali ko ya ɗora abu a sikeli ba. Mu ne muka saba musu da cewa ilmi shi ne abin da aka rubuta a allo aka kwafa aka mayar ranar jarrabawa. A ajinmu na dabarun koyarwa kullum muna faɗin cewa yaro da aiki yake koyo, gani ya kori ji, muna cin maki da wannan magana, sa'an nan mu fita mu ɗauki alli mu cika allo.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ba a cika kula da ita ba. Da Turanci ake karatu, da Turanci ake jarrabawa, amma mara lafiya a ƙasar Kontagora da Hausa zai yi maka bayani, ko da Kambarci, ko Dakarci, ko Fulatanci. Uwa ba za ta ce maka ɗanta ya rasa ruwan jiki ba, cewa za ta yi maɗigarsa ta faɗa, ko haƙori yake fitarwa. Ɗalibin da bai taɓa gwada juya karatunsa zuwa harshen gida ba, bai tabbatar ya fahimce shi ba tukuna. Na sa ɗana ya bayyana wa kakarsa yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in babu na fakiti: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tsohuwa ta tambaye shi, “Lita kuma mece ce, ɗan nan? Wane kwano ke nan?” Ya yi shiru. Sai da muka nemo gora muka auna muka yi mata alama. Wannan tambaya ta tsohuwa ta fi dukan na cikin buhunsa amfani.

Sauran kwanakin hutun sai muka sāke tsari. Da safe ya ɗauki babi guda na littafin ƙa'idoji, ya rufe, ya koya wa ƙannensa kamar shi ne malami, gama wanda ya koyar ya karanta sau biyu. Da hantsi ya tafi wani ɗan asibiti na unguwa inda wata dattijuwar ma'aikaciya ta yarda ya tsaya bayanta yana kallo, tana sa shi awon zafin jiki da nauyin yara. Tsofaffin tambayoyi muka mayar da su dare, awa guda da agogo, kowace amsa kuma sai ya nuna mini shafin da ta fito. Alamun hatsarin nan da ba a jinkiri da su, watau yaro ya kāsa sha ko kama nono, ko yana amayar da kome, ko yana jijjiga, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai, na ce ya rubuta su ya manna a bangon ɗaki, domin sanin lokacin da za ka ce “wannan ya fi ƙarfina, ku tafi babban asibiti yanzu” yana cikin manyan abubuwan da ake nema gare shi. Kafin ya koma, babu jaririn unguwarmu da bai ƙidaya wa numfashi ba, har mata suka sa masa suna Mai Agogo.

Ina da roƙo ga hukumar Kwalejinmu. Kusan kowane ɗayanmu yana da ƙane ko ƙanwa ko ɗa a irin waɗannan makarantu, kuma da hutu nan garin suke dawowa, suna karatu a zaure cikin hayaniya. Me zai hana a ba su izinin shiga ɗakin karatunmu da hutu, da katin shaida? Ɗalibanmu na sashen kimiyya da na lissafi kuma, maimakon su jira lokacin koyarwar gwaji, ga ɗalibai nan a ƙofa masu bukatar a bi da su ta kan kaso da awo da sassan jikin ɗan Adam. Su sun sami mai koya musu, mu mun sami inda za mu gwada dabarunmu a kan abin da ke da rai a ciki.

Ni dai na yi niyyar somawa ko da mutum biyar ne. Malami ko ɗalibin da ke son sa hannu, ya same ni a ɗakin malamai ranar Laraba bayan sallar la'asar. Ya taho da agogo mai hannun daƙiƙa, da ƙaramin cokali, da gora mai cin lita guda.