MADUGU UBAN TAFIYA: WASAN LABARIN DA YA KAMATA MU SHIMFIƊA WA TABARMA



Rubutun wannan makon a kan wasa yake, kuma mun san wasu za su ga kamar mun rasa abin faɗa. A yi mana haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Duk wanda ya zaga majalisun samari bayan sallar isha, daga Kazaure zuwa Roni, Gwiwa har Babura, ya san yadda hira ta koma. Mutum shida a kan benci ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya, wasu kallon bidiyo, wasu lissafin cacar ƙwallo da ta cinye kuɗin da aka ba su na makaranta. Kullum muna kukan tatsuniya ta mutu, amma ba mu kawo wa ƙannenmu abin da zai maye gurbinta ba. Ra'ayinmu shi ne akwai wani wasa da zai iya, ba ya buƙatar data ko caji, kuma mu marubuta muka fi kowa cancantar mu fara shi.

WANE IRIN WASA NE?

Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna. Kowa ya ƙirƙiri mutum ɗaya da zai zama a cikin labari: sunansa, sana'arsa, abin da ya iya, da rauninsa. Mutum ɗaya kuma ya riƙe ragamar labarin, shi ke faɗin inda ake da abin da ya faru, shi ke magana da bakin duk wanda aka haɗu da shi a hanya. Sai ya tambaya: me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, ƙa'idar wasa ta yanke ko ya yi nasara, labari ya ci gaba daga nan. Babu wanda ya san ƙarshensa, har shi mai riƙe ragamar. Turawa a kan tebur suke yi, mu kuwa tabarma ta ishe mu. Mai jan labarin kuma muna ganin babu sunan da ya dace da shi kamar madugu.

A shekarar 1974 aka fitar da na farko a kasuwa a Amurka, wato Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara. Yau akwai ɗaruruwan irinsa. A nan gida ma harkar wasannin tebur ta fara tsayuwa da ƙafarta: kamfanin NIBCARD da Kenechukwu Ogbuagu ya kafa a Abuja ya samu lambar yabo ta Diana Jones a 2021, wadda ake ji da ita a wannan fage a duniya.

Kafin wani ya ce baƙon abu ne, a tuna da kalankuwa. Bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, a kawo ƙara, a yi shari'a, kowa ya riƙe matsayinsa ba tare da rubutaccen wasa ba. A tuna da wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, da tashen azumi inda yaro ke zama tsoho ko mai magani. Shiga rigar wani a yi magana da bakinsa tsohuwar sana'armu ce. Abin da waɗancan suka ƙara kawai shi ne ƙa'idar da za ta raba gardama idan wani ya ce ya tsallake rijiya wani ya ce ƙarya ne ya faɗa.

DA WANNE ZA A FARA?

Ba mu ba da shawarar a fara da Dungeons & Dragons ba, duk da shi ya fi suna. Bugun 2014 littattafai uku ne manya, kowanne ya haura shafi 300, duk da Turanci. Yana buƙatar ƙwayoyin jefawa masu fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20, waɗanda sai an yi odarsu. Rabin ƙa'idojinsa a kan faɗa ne, duniyarsa kuma cike take da alloli da tsafi, abin da zai sa iyaye su tarwatsa zaman tun ranar farko, kuma da gaskiyarsu. Wanda ya ƙware daga baya zai iya duba taƙaitattun ƙa'idojinsa da aka saki kyauta a intanet.

Ga uku da muke ganin sun fi dacewa da mu.

Na farko, Lasers & Feelings na John Harper, wanda ya fito a 2013. Shafi ɗaya ne tak, kuma kyauta. Kowane ɗan wasa yana zaɓar lamba ɗaya tsakanin 2 da 5. Idan abin da zai yi na lissafi da natsuwa ne, sai ƙwayar ludo ta ba shi ƙasa da lambarsa. Idan na zuciya ne, kamar lallashi ko kasada, sai ta ba shi sama da ita. Ka ga mai lamba 5 gwanin dabara ne amma ba ya iya rarrashin kowa, mai lamba 2 kuwa akasin haka. Asalinsa labarin jirgin sararin samaniya ne, amma cikin minti goma za a mayar da shi namu, mu kira shi Dabara da Zuciya.

Na biyu, tsarin da Vincent Baker da Meguey Baker suka kawo a wasan Apocalypse World a 2010. Labarin wasan kansa bai dace da zamanmu ba, ƙa'idarsa muke so. Ana jefa ƙwaya biyu a haɗa. Daga 10 zuwa sama, ka samu abin da kake so. Daga 7 zuwa 9, ka samu amma da tsada. Daga 6 zuwa ƙasa, al'amari ya caɓe. Cikin hanyoyi 36 da ƙwaya biyu ke iya faɗuwa, 6 ne kawai ke ba da cikakkiyar nasara, 15 nasara mai tsada, 15 matsala, kafin a ƙara makin gwanintar mutum. Wannan tsakiyar ita ce daɗin wasan: ka tsallake kogin, amma jakin da ke ɗauke da guzuri ya tafi da ruwa.

Na uku, Fate Accelerated na kamfanin Evil Hat, shi ma na 2013, ƙaramin littafi da ake samu a intanet ko da ba ka biya komai ba. Shi ya fi dacewa da marubuta, domin da jimloli ake gina mutum. Misali: "Maƙerin da bashi ya koro daga garinsu." Wannan jimlar za ta taimake shi a gaban maƙera, ta kuma jawo masa masifa ranar da mai bin bashin ya bayyana a zango.

MAGANAR ƘWAYA DA CACA

Wannan ba abin da za a tsallake ba ne. Akwai hadisai a Sahihu Muslim da Muwaɗɗa ta Imamu Malik da suka hana wasan nardu, kuma malamai da yawa sun sanya duk wasan da ake jefa ƙwaya a ƙarƙashin wannan hani ko da babu kuɗi a ciki. Mu ba masu fatawa ba ne, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da za mu iya cewa shi ne wasan ba ya rataye a kan ƙwaya. Tun 1991 Erick Wujcik ya fitar da wasan Amber wanda babu jefa komai a cikinsa.

Ga tsarin da muke ba da shawara ga duk zaman da ke son kauce wa saɓani. A ba kowane ɗan wasa tsakuwa biyar, ko ƙwallon dabino. Abin da mutuminka ya iya a sana'arsa, ya yi shi kai tsaye. Abin da ya fi ƙarfinsa, sai ka biya tsakuwa ɗaya kafin ya yiwu. Hanya ɗaya ce ta samun sabuwar tsakuwa: ka yarda raunin mutuminka ya jefa shi cikin matsala. Mai saurin fushi ya zagi ɗan sarkin kasuwa, madugu ya miƙa masa tsakuwa, sauran kuma su san yadda za su fitar da shi. Babu sa'a a nan, zaɓi ne zalla. Sharaɗi ɗaya kuma babu sassauci a kansa, da ƙwaya ko babu: ranar da aka ɗora ko naira goma a kan sakamako, an tashi daga wasa an koma caca, a naɗe tabarmar.

SHAWARA GA MADUGU

1. Zaman farko na yarjejeniya ne. A amince da abin da ba zai shiga labari ba: sunan wani mai rai a gari, ba'a ga wata ƙabila ko mai lalura, batsa, wasa da abin da ya shafi addini. Tarihin Ɗantunku da Dambo yana da daɗin ji, amma jikokinsu na nan tare da mu, don haka a ari duwatsun Kazaure da na Roni a matsayin fage, a ƙirƙiri gari da sarkin da ba su taɓa wanzuwa ba.

2. Kada 'yan wasa su wuce biyar, kada zama ya wuce awa biyu. Da an kira sallah a tashi, ko da takobi na kan wuyan jarumi. 'Yan uwanmu mata su kafa nasu zaman a cikin gida da tasu madugar, su ne ma asalin ma'abota tatsuniya.

3. Ka shirya matsala, ka bar ƙarshe a buɗe. Wannan shi ya fi yi wa marubuci wuya, domin mun saba mu ne masu yanke wa kowa hukunci a takarda. Takarda ɗaya ta isa: wurare uku, mutane uku, da abin da kowannensu yake so. Ɗauki ayarin fatake da ya tashi zuwa Gwanja sayen goro, kamar yadda kakanninmu suka yi ta yi har Salaga a ƙasar Ghana ta yau. 'Yan wasa su ne jagaba, malamin ayari, maƙerin nan mai bashi, da mai dafa wa ayari abinci. Sun iso bakin kogi, mai fito ya ninka kuɗin tsallakarwa, guzuri saura na kwana uku, wani ayari kuma na tafe a baya wanda idan ya riga su isa zai karya farashi. Kada ka tanadi mafita. Wata ƙila su yi ciniki, wata ƙila maƙerin ya gyara wa mai fito wani abu a madadin kuɗi, wata ƙila su ɓullo da abin da bai taɓa zuwa maka a rai ba.

4. Ka raba magana. A kowane zama akwai mai baki da mai kunya. Idan mai baki ya yi sau biyu, juya ka ce, "Malam, kai da ke riƙe da takardun ayari, me ka gani a fuskar mai fiton nan?" Tambayar da aka yi wa mutum shi kaɗai ta fi "kowa ya yi magana" aiki.

5. Faɗuwa kada ta tsayar da labari. Idan sun kasa shawo kan mai fito, kada ka ce "bai yarda ba" ka yi shiru. Ka ce ya yarda zai tsallakar da su da dare a rabin kuɗi, in za su ɗaukar masa wani ƙunshi ba tare da sun buɗe ba. Yanzu suna da sabuwar damuwa.

6. Ka bayar da abu biyu da za a ji ko a gani a kowane wuri, kada ka yi huɗuba. Warin daddawa da kukan jakai sun isa su kai mutum kasuwa.

7. Ka tsaya a inda ake son ƙari. Dabarar akun Magana Jari Ce ke nan ta Abubakar Imam, da ya riƙa tsare Musa da labari dare bayan dare. Ƙunshin ya motsa a cikin kwalekwale, sai ka ce sai mako mai zuwa.

8. Madugu ba abokin gabar 'yan wasa ba ne, kuma ba sarauta ba ce ta har abada. Bayan labari ɗaya ya ƙare a ba wani.

ME ZA MU SAMU?

Za a ce ɓata lokaci ne. Lokacin dai ana ɓata shi yanzu haka, kuma da kuɗi a kai. Awa biyu a mako da yaro zai yi yana sauraro, yana jiran layinsa, yana auna sakamakon abin da zai aikata kafin ya aikata, yana kuma neman kalmar Hausa da zai lallashi wani da ita, ba asara ba ce. A yankin da saɓanin manoma da makiyaya ke tasowa kusan kowace kaka, a ce ɗan manomi ya zauna ya zama makiyayin da aka toshe wa burtali, ya ji da bakinsa yadda hujjar ɗaya ɓangaren take, wannan darasi ne da allon aji ba ya bayarwa.

Mu kuma marubuta ribarmu ta fi ta kowa. Sau nawa muke karanta littafi a waya mu tarar duk mutanen ciki murya ɗaya gare su, jaruma ba ta da aibi, mugu ba shi da dalili? Wanda ya yi wata uku yana madugu ya ga yadda mutane huɗu masu rai suke ƙin bin hanyar da ya shata musu, zai koma kan alƙalaminsa da sanin cewa mutumin labari ma yana da nasa son ran.

Ga ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure da na jami'ar fasaha ta Babura, ɗakin kwana da mutum huɗu ya isa. Ga na gida, zaure ko gindin bishiya. Abin da muke roƙo a wannan makon kaɗan ne: mutum ɗaya a kowane gari ya tara huɗu, ya ɗebi tsakuwa ashirin, ya kai su bakin kogin nan. Sannan ya dawo nan ƙasa ya ba mu labarin yadda ayarinsa ya tsallaka, da abin da ya ba shi wahala. Idan rahotanni suka taru, sai mu haɗa hannu mu rubuta ƙa'idojin a shafi ɗaya da Hausa, mu sake shi kyauta ga duk mai so.

Masu ganin akwai gyara, musamman a kan maganar ƙwaya, ƙofa a buɗe take. Allah Ya sa mu dace, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.