Waƙar Zamani A Kano: Tsakanin Tacewa Da Haƙƙin Mallaka

Duk wanda ya ratsa Titin Gidan Zu a birnin Kano da yamma, ko ya shiga a daidaita sahu daga Ƙofar Nassarawa zuwa Sabon Gari, ba ya bukatar a gaya masa irin matsayin da waƙar zamani ta samu a rayuwar jama'ar wannan jiha. Da ita ake kai amarya, da ita ake tallar magani da sabulu, da ita kuma ake neman ƙuri'a. Sai dai a duk lokacin da maganar waƙa ta taso a bainar jama'a, kusan kullum a kan tarbiyya ake tsayawa: wace waƙa ce ta ƙunshi batsa, wane mawaƙi ne ya yi wa wani habaici, wa ya kamata hukuma ta kira. Wannan tambaya ce mai muhimmanci, kuma babu al'ummar Musulmi da za ta yi watsi da ita. Amma akwai wata a bayanta wadda ba a cika yi ba, wato wa ke biyan mawaƙi, kuma ta wace hanya? A ganinmu, amsar wannan ta biyu ita ce ke yanke hukunci a kan irin abin da ke fita daga bakin mawaƙi.

Idan aka waiwayi tarihi za a ga cewa makaɗin Hausa bai taɓa rasa sanin inda abincinsa yake ba. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suna da iyayen gida a cikin sarakuna, waɗanda ke ba su riguna da dawaki da hatsi, daga baya har da mota da kujerar Makka. Mahauta suna da masu kalangunsu, manoma suna da makaɗan gayya, 'yan dambe suna da irin su Ɗan Anace. Makaɗan jama'a kuwa, irin su Alhaji Mamman Shata wanda ya rasu a 1999 da Ɗanmaraya Jos wanda ya rasu a 2015, sun rayu ne da kyautar attajirai da ma'aikata da taron biki. Wannan tsari yana da aibinsa, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma yana da wata kariya: ubangida yana jin kunyar makaɗinsa ya yi abin assha, makaɗi kuma yana tsoron zubar da mutuncin gidan da yake wa kiɗa. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, da kamfanonin faifai sun yaɗa muryoyin waɗannan bayin Allah har ƙasashen maƙwabta, ba tare da sun sauya tushen abincinsu ba.

Sauyi na haƙiƙa ya zo ne da fim ɗin bidiyo. Bayan fitowar "Turmin Danya" a 1990, masu shirya fina-finai sun lura cewa 'yan kallon da suka tashi da fina-finan Indiya suna son a saka musu waƙa da rawa a tsakiyar labari. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 fiyano ƙirar Yamaha ta shiga ɗakunan ɗaukar sauti na Kano, kuma fim ɗin "Sangaya" na 1999 ya nuna cewa waƙa ɗaya tak tana iya sayar da fim. Daga nan aka samu sabon rukunin mawaƙa, matasa maza da mata waɗanda ba su gaji kiɗa ba, ba su da sarki ko attajiri a bayansu, sai furodusa. A nan ne kuma aka dasa matsalar da har yau ba a warware ba. Al'adar da aka ɗora sana'ar a kanta ita ce mawaƙi ya rubuta, ya rera, a biya shi sau ɗaya, shi ke nan waƙa ta zama ta mai fim. In ta karɓu har aka sayar da dubban kaset a Ƙofar Wambai, riba ta 'yan kasuwa ce. Sau da yawa ma mai kallo ya ɗauka jarumin da ke motsa baki a allo shi ne mai muryar.

A wannan yanayi hukuma ta shigo. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim a ƙarshen wannan shekara, sannan a 2001, zamanin mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano. Ya kamata a tuna cewa kafa hukumar ya zama hanyar da sana'ar ta bi ta dawo da rai, domin a lokacin akwai masu kiran a rufe ta ɗungurungum. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta zo da shirin A Daidaita Sahu na gyaran tarbiyya, kuma daga 2007, bayan wani abin kunya da ya girgiza masana'antar, hukumar ta tsaurara matakai a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim. A wannan shekara aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin waƙoƙinsa na "Bahaushiya". A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta sauraro da yaɗa waƙoƙi 11, aka kuma tsare Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Alan Waƙa. Ba a daina irin wannan takun-saƙa ba da sauyin gwamnati: a 2019 an kama Naziru M. Ahmad, wanda Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Sarkin Waƙa, bisa zargin fitar da waƙoƙin da ba a tace ba, abin da magoya bayansa suka ɗauka siyasa ce.

Abin lura a nan shi ne, waƙoƙin da aka haramta a 2009 ba su ɓace ba. A daidai lokacin wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta riga ta zama rediyon aljihu, kuma matasa na tura wa juna waƙa ta Bluetooth ba tare da an bi ta kowace kasuwa ba. Wannan fasaha da ta kuɓutar da mawaƙi daga hannun mai tacewa ita ce kuma ta ƙwace masa ɗan abin da yake samu. Masu tura waƙa a kasuwar waya ta Farm Centre da bakin tashoshin mota suna cika wa mutum katin waya da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗi ƙalilan, mai waƙar bai san an yi ba. Kasuwar kaset da faifan CD ta durƙushe a cikin shekarun 2010, furodusoshin da ke sayen waƙa su ma suka shiga halin ni-'yasu.

To, mawaƙin da ba ya iya sayar da waƙarsa, ina zai nufa? Hanyoyi biyu suka fi buɗe masa. Ta farko gidan biki, inda ake biyan sa ya wasa amarya da ango da danginsu. Ta biyu ita ce siyasa. Waƙar siyasa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin tun zamanin NEPU da NPC marubuta irin su Malam Sa'adu Zungur da Alhaji Mudi Sipikin sun yi amfani da baiti wajen wayar da kan talakawa. Bambancin shi ne a da aƙida ce ke gaba, yanzu kuwa sau da yawa kwangila ce. Tashen Dauda Kahutu Rarara a zaɓen 2015 ya nuna wa kowane matashi mai murya inda kuɗi yake, kuma a 2020, da ya nemi masoyan Shugaba Muhammadu Buhari su tura masa Naira 1,000 kowannensu kafin ya saki sabuwar waƙa, an yi ta muhawara a kan ko hakan roƙo ne ko kasuwanci. Mu dai abin da muka gani a ciki shi ne hujjar cewa jama'a a shirye suke su biya kuɗin waƙa idan an samar musu da hanya. Illar dogaro da ɗan siyasa kuwa a fili take. Zambo da cin mutunci sun fi saurin jawo kyauta a kan waƙar noma ko ta neman ilmi, kuma mawaƙin da ya zagi wani bana don ubangidansa yana iya komawa yabonsa baɗi. Matasan da ke sauraro suna koyon darasi daga wannan, ko da ba a faɗa musu ba.

Hanya ta uku ta fara buɗewa da intanet. Shafukan YouTube da Audiomack da Boomplay, da kuma Spotify wanda ya shigo Nijeriya a 2021, suna biyan mai waƙa gwargwadon yawan masu sauraro. Yadda "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta game gari a 2020, lokacin kullen korona, ya tabbatar da cewa waƙar Hausa tana da kasuwa daga Kano har Yamai da Kumasi da Jidda. Amma nan ma ba a rabu da Bukar ba. Da yawa daga cikin waƙoƙin da ake saurara a waɗannan shafuka wasu ne suka ɗora su, ba masu su ba, har da na tsofaffin makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda iyalansu ba sa ganin ko sisi. Haka kuma, tun da yawan kallo ake biya, akwai jarabar a saka kalmar da za ta tayar da ƙura don a yi ta yaɗawa a TikTok. Ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan waƙar "Warr" ta Ado Gwanja a 2022, har wasu lauyoyi suka kai ƙara, misali ne na wannan sabon yanayi.

Batun haƙƙin mallaka, bisa tsarin mulki, yana hannun Gwamnatin Tarayya ne, kuma an sabunta dokarsa: sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa tsawon rayuwar mai ita da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, ta kuma ba shi damar neman a sauke aikinsa daga shafin da aka ɗora ba da izininsa ba. Amma doka a takarda ba ta ciyar da kowa. Mawaƙa nawa ne a Fagge ko Gwammaja suka san da ita? Nawa ne suke rubuta yarjejeniya kafin su shiga situdiyo, wadda za ta fayyace rabon marubuci da mai murya da mai kiɗa da 'yan amshi? Mata 'yan amshi, waɗanda muryoyinsu suka ɗauki waƙoƙin fina-finai da dama, su ne suka fi kowa cutuwa a wannan rashin tsari.

A nan ne jiha take da rawar takawa, ba tare da ta shiga hurumin tarayya ba. Hukumar tacewa ta riga ta mallaki rajistar mawaƙa da ɗakunan ɗaukar sauti, kuma a 2023 aka ɗora ɗan cikin masana'antar, Abba El-Mustapha, a kan shugabancinta. Teburin da mawaƙi ke kai waƙarsa a duba masa kalmomi yana iya zama inda za a rubuta sunan mai ita da ranar da aka yi ta, a ba shi samfurin yarjejeniya da Hausa, a haɗa shi da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa. Masu tura waƙa su ma suna da ƙungiyoyi, kuma zama da su a tsara kason da zai riƙa komawa ga mai aiki ya fi kamen da ba ya ɗorewa. Ga kuma rumbunan gidajen rediyon gwamnati, inda tsofaffin faya-fayan makaɗa ke fuskantar barazanar ƙura da zafi, alhali ana iya mayar da su na zamani a rijistar da su da sunan magada.

Wajibi ne kuma a yi irin wannan aiki tare da malamai tun daga farko. Abin da ya faru a 2016 bai kamata a manta da shi ba, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina dandalin fina-finai na Naira biliyan 3 a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, bayan da malamai da jama'a suka nuna adawa, domin ba a yi musu bayani ba kafin a sanar. Maganar haƙƙin mawaƙi ta fi wannan sauƙin gabatarwa, domin cin guminsa ba da yardarsa ba abu ne da shari'ar Musulunci kanta ta hana, ko da kuwa malamin da za a tambaya yana da ra'ayi mai tsauri a kan kiɗan fiyano.