Wa Ya Kaɗa Wa Shata Kalangu?

Kowa ya san Mamman Shata, wanda aka binne a nan Daura a 1999. Amma mu nawa ne za mu iya faɗin sunan ko mutum ɗaya cikin makaɗansa? A Ingila ma haka ne: duniya ta san Ozzy Osbourne, amma Bill Ward, mai gangar ƙungiyarsu ta Black Sabbath, sai masoyan kiɗan. Alhali in kalangu ya kauce, waƙa ta watse. Suna yakan bi mai murya, ya manta da mai hannu.

Ɗan'uwa mai ganga a ƙungiyar mawaƙa, kada ka karaya. Mu kuma, ranar Lahadi, mu kira sunansa mu gode masa.