Jarrabawa Ta Kwamfuta: A Fara Duban Ɗalibi

Daga Wakilinmu

Tun shekarar 2015 Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, wato JAMB, ta ajiye fensir da takarda, ta mai da jarrabawarta kan kwamfuta. Ke nan makomar yaro ta rataya ga wata manhaja da bai san wanda ya tsara ta ba. Abin dubawa shi ne ko masu tsarawar suna tuna shi a lokacin da suke aikinsu.

Hukumar ta taɓa nuna yadda ake yin haka. Da aka lura cewa ɗalibai da yawa, musamman na karkara, ba su saba da linzamin kwamfuta ba, sai a 2017 aka shigo da tsarin madannai takwas. Harufan A, B, C da D na zaɓen amsa ne, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R kuwa na janyewa idan an danna S bisa kuskure. Wannan ɗan gyara ya sa ana auna abin da yaro ya sani, ba gwanintar hannunsa ba. A shekarar ce kuma aka soma jarrabawar gwaji domin yara su saba da na'urar.

Amma abin da ya auku a 2025 ya nuna cewa da sauran aiki wajen ba da maki. Daga cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Iyaye da yara suka yi ta kuka, har ran 14 ga Mayu magatakardan hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa laifi. An yi wa manhajar gyara, amma gyaran bai isa wasu manyan na'urori ba, sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Ikko da jihohin Kudu maso Gabas ya ɓaci. Tilas suka sake zama cikin 'yan kwanaki.

Amsa laifin abin yabo ne. Sai dai a lura, koken jama'a ne ya sa aka koma bincike bayan an riga an fitar da sakamako. Manhajar da aka tsara domin mai aiki da ita kamata ya yi ta faɗakar da ma'aikaci idan makin wani yanki ya faɗi ba bisa al'ada ba, ta kuma ba ɗalibi hanyar ganin amsoshinsa idan yana da ƙorafi.

Maganar ta ƙara nauyi domin a 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya umarci hukumomin WAEC da NECO su ma su koma kan kwamfuta. Tasu jarrabawar kuwa tana da rubutun zube, wanda malamai ne za su duba.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan da ke ba da kwangilar irin wannan aiki da su sa sharaɗi a rubuce: a gwada manhaja da yaran makarantun ƙauye, da makafi, da malaman da za su shigar da tambayoyi su ba da maki, kafin a biya ko kwabo. Rigakafi dai ya fi magani, domin kuskuren na'ura na dare ɗaya yana iya cinye wa yaro shekara guda.