Kwana ukun farko ne ke yanke shari'ar fyaɗe

A Fabrairun 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane ta Jigawa, wadda ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 10 ba fyaɗe. A Disambar shekarar dokar kare yara ta biyo baya. Dokokin suna da ƙarfi, amma alƙali da hujja yake aiki, hujjar kuwa tun a tsakar gida take lalacewa.

Uwa a wani ƙauyen Gwaram, idan ta ga jini a zanen 'yarta, tausayi zai sa ta dafa ruwan bagaruwa ta gasa mata jiki, ta wanke kayan, ta aika kemis. Ba laifinta ba ne. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa wankan nan yana tafiya da shaidar da likita zai ɗiba, ko cewa tufafin a takarda ake naɗe su, domin leda tana ruɓar da abin da ke jikinsu. Sai dattawa su shigo da maganar rufin asiri, a tafi sulhu gaban mai unguwa. Kafin a tuna da asibiti mako ya wuce, alhali maganin rigakafin ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72.

A asibitin ma akwai gyara. Yawancin yaran da aka lalata ba a ganin rauni a jikinsu idan kwanaki sun ja, don haka malamin asibitin da ya rubuta "ba a ga komai ba" ya tsaya nan, ya wanke mai laifi bai sani ba. Ya kamata ya rubuta maganar yarinyar da kalmominta, ya lura da fitsarin kwance da ya dawo, da firgicin ganin wani mutum. Yara maza ma ana lalata su, musamman almajirai marasa mai kai musu ƙara.

Akwai cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a Babban Asibitin Dutse, amma ga talakan Basirka ko Fagam a Gwaram kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi zuwa. Ya kamata gwamnatin jiha ta haɗa kai da Asibitin Tarayya na Birnin Kudu a buɗe irinta a can, kyauta, dare da rana, a kuma horar da ungozomomi da ma'aikatan jinya na Gwaram.