Shafin Gwamnati Da Ba A Iya Samu, Da Shi Da Babu Duk Ɗaya

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a zamanin nan da wuya a sami ma'aikatar gwamnati wadda ba ta da shafinta a intanet. Ran buɗe shi akan tara manyan baƙi, a yi jawabi, a tafa, a watse. Amma akwai tambaya guda da ya kamata a yi tun kafin a kai ga tafi: shin idan talaka ya ɗauki wayarsa ya nemi shafin nan, zai same shi? Ni a ganina, in ba zai same shi ba, to, ba a gama aiki ba, ko nawa aka kashe.

Dalilina shi ne, mutane ba su cika haddace adireshin shafi ba. Mai neman yadda ake yin fasfo, ko ɗalibi mai son duba sakamakon jarrabawa, Google yake nufa, wanda wasu ke yi wa kirari da matambayi ba ya ɓata. Sai ya rubuta bukatarsa, ya danna abin da ya fara gani a sama. In shafin gwamnati ba ya nan, wani yana nan a madadinsa, kuma sau da yawa ɗan damfara ne ya ƙera shafin jabu, ya manna masa tambarin hukuma, yana karɓar kuɗin bayin Allah. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, yaya Google ke gano shafi? Yana da wata manhaja mai yawo dare da rana, tana bin mahaɗi daga wannan shafi zuwa wancan, tana karanta rubutun da ke ciki tana adanawa a wani babban kundi. In mutum ya yi tambaya, cikin kundin nan ake duba masa. Saboda haka shafin da ba wanda ya yi nuni zuwa gare shi yakan daɗe ba a gano shi ba. Har wa yau, maƙeran shafi sukan sa wata alama da ke hana manhajar shiga tun ana cikin gini, in kuwa suka manta ba su cire ta ba ran buɗewa, shafin zai zauna kamar kanti mai kaya amma ƙofa a kulle. Haka nan sanarwar da aka ɗauki hotonta aka liƙa, ba ta karantuwa kamar wadda aka buga da rubutu sosai.

Mu dubi abin da aka yi a Birtaniya. A watan Oktoba na 2012 gwamnatin ƙasar ta buɗe shafi guda mai suna GOV.UK, ya maye gurbin wasu manya biyu, watau Directgov da Business Link. Zuwa ƙarshen 2014 an kwaso hukumomi fiye da 300 an zuba a cikinsa. Abu biyu suka yi waɗanda suka cancanci koyi. Na farko, ba su yar da tsofaffin adireshi ba, sai suka shirya yadda duk wanda ya bi tsohuwar hanya za a juya shi kai tsaye zuwa sabon wuri, tamkar mai kanti da ya tashi ya bar yaro a bakin ƙofa yana raka masu ciniki. Na biyu, suka riƙa duba kalmomin da jama'a ke rubutawa in suna nema, suna sa wa shafuka suna da su, maimakon dogon sunan da ma'aikata kaɗai suka sani. Duk da wannan ƙoƙari, a 2014 sai da gwamnatin ta haɗa kai da Google don a cire tallan shafukan da ke kwaikwayon na hukuma suna tatsar masu neman fasfo da lasin tuƙi. In haka ta faru a can, ina ga mu?

Wani zai ce ai wannan aikin 'yan kasuwa ne, gwamnati ba ta da abokin takara, don me za ta yi ta kokawar hawa sama? Amsa ita ce tana da shi, kuma maƙaryaci ne. Ɗan kasuwa in ba a gan shi ba riba ya rasa. Gwamnati kuwa in ba a gan ta ba, talaka ne ke asarar kuɗin da ya sayar da akuya ya tara, ɗansa kuma lokacin rajista ya wuce shi.

Akwai kuma batun harshe. Miliyoyin mutane da Hausa suke tambaya, kuma da yawansu ba sa sa lanƙwasa a haruffa, sukan rubuta "kasa" alhali "ƙasa" suke nufi. Ma'aikatar da ke son a same ta sai ta yi bayani da harshen masu nema, ta kuma gwada ta ga ko ana samunta ta kowace hanya aka rubuta. Sa'an nan shafin ya zama marar nauyi, wanda ƙaramar waya za ta buɗe ba tare da ta cinye wa mutum data ba.

Kafin a gyara, mu ma da namu aikin. A Nijeriya adireshin shafin hukuma yakan ƙare da .gov.ng, wanda hukumar NITDA ke kula da bayar da shi. Na hukumar JAMB, alal misali, shi ne jamb.gov.ng. Mu duba wannan kafin mu ba da kuɗi ko lambar shaidarmu, mu kuma lura ko abin da ya fito a sama talla ne. Mu da muka yi boko mu taya iyayenmu dubawa, domin rigakafi ya fi magani. Su kuma hukumomi, don Allah kafin su kira taron buɗewa, su miƙa wa wani dattijo waya su ce ya nemo shafin da kansa. In ya samo, sai a tafa.

Allah ya sa mu dace, amin.